Saƙon Mai Kemis Bai Iso Ɗakin Ya Fanna Ba

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayata Fanna, wadda duk gidanmu muke kira Ya Fanna. Ta cika ne ranar kasuwar shanu, gab da la'asar, a kan gadon asibiti a nan Potiskum, tana da shekara arba'in da 'yan kai. In ka tambayi mutanen unguwar Yerimaram abin da ya kashe ta, za su ce maka olsa, su ƙara da cewa kwana ne ya ƙare. Ban musa ƙarewar kwana ba. Amma an ba mijinta, Alhaji Sale, wani saƙo ya kai mata, saƙon da zai iya kai ta asibiti da ƙafarta, bai kuwa kai ba. Tun daga lokacin nake ɗauke da tambaya guda: mantawa ya yi, ko ƙi ya yi? Shekara tara ina zaɓar mantuwa, don ita kaɗai ta bar ni nake iya buɗe baki in gaishe shi. Bana na samu amsa, shi ya sa na ɗauki biro.

Ya Fanna ita ta goya ni, ita ta yi min kitson farko da nake iya tunawa. Kakanninmu daga Borno suka zo, kuma a cikinmu ita ta riƙe halin can, ɗakinta ba ya rabo da turaren wuta ko da kuwa tuwon gidan babu nama. Sana'arta ƙuli da man gyada. Tun safe tana duƙe a kan turmi da kasko, tana murza tunkuza tana waƙa, tana tsokanar duk wanda ya wuce. Aibinta ɗaya, kuma har yau ina jin haushinsa: kawaici. Mace ce da in ka taka mata ƙafa, ita za ta riga ka cewa sannu.

Shi kuwa Alhaji Sale dillali ne a kara, wato kasuwar shanu. Kada mai karatu ya zana mugu mai jajayen idanu a ransa. Ba ya duka, ba ya zagi, buhun gero ba ya yankewa a gidansa, kuma in ana neman mai ban dariya a majalisa shi ake jira. Ni ma da yake ƙanwar matarsa ce, abokiyar wasansa ce, ba na shiga gidan bai tsokane ni ba. Abin da ba ya so a duniya shi ne a dame shi. Duk abin da zai tsayar da shi daga hanyar kara, ko ya sa shi zaman benci yana jiran wani, to wannan abu maƙiyinsa ne, ko da matarsa ce.

Ciwon ya fara mata da zafi a ƙahon zuciya, kamar an ajiye garwashi, musamman in yunwa ta kama ta. Kowa ya ji sai ya ce olsa, don a garinmu duk cikin da ya yi ciwo olsa ne. Aka yi ta ba ta shawara, wannan ta ce madara, waccan ta ce jiƙon kanwa. Da abin ya ƙi, sai aka koma ga yadda muka saba. Mace ba ta zuwa kemis, aike ake yi. Za ta zauna ta kwatanta wa miji ciwon tun daga inda ya faro, shi kuma ya hau babur, kafin ya isa bakin titi bayanin ya ragu ya koma, "Cikinta ne." Mai kemis ya yi nasa bayanin ga mutumin da lafiyarsa lau, bayanin ya sake hawa babur ya dawo. Abin da ya rage a hanya, shi ne rabon mai ciwo.

Rabon Ya Fanna baƙar leda ce. Ina gidan ranar, na zo daga Mamudo inda nake aure. Alhaji ya ɗaga labule ya cilla ledar a kan tabarma, ya ce, "Ga shi nan, ki sha."

Ta ce, "Alhaji, yaya aka ce a sha?"

Ya ce, "Da baki mana, ko da hanci kike sha?"

Ya yi dariya, ita ma ta taya shi, ya saki labule ya fita. Cikin ledar akwai kafso, irin wanda yake rage ruwan asid ɗin da ciki yake zubarwa don gyambon ya samu ya warke. Tunda ba a gaya mata komai ba, sai ta tsara wa kanta ƙa'ida. Takan sha bayan ta ci abinci, ko duk sa'ad da zafin ya taso. Da yake haɗiyar kafso tana ba ta wuya, sai ta riƙa ɓare shi tana zazzagewa a kunu. Duk da haka maganin ya yi ɗan aikinsa, zafin ya lafa, ta daina nishi. Ga Alhaji kuwa, mace ta daina nishi, magana ta ƙare.

Sai kuma gadon bayanta, da aikin gyada ya cinye. Wannan ma aike aka yi. A kara akwai masu tallar magani da suke ƙulla ƙwayoyi kala-kala a 'yar leda, ana ce musu haɗi, 'yan dako da masu korar shanu suna sha don ciwon jiki. Shi ya riƙa sayo mata. Da Malam Bukar mai kemis ya cika masa tambaya, sai ya daina zuwa wurinsa, ya koma sayen kafson ma a hannun masu tallar. Kusan shekara biyu tana haɗa su, kafso na lallashin gyambon, haɗi na ƙwaƙule shi. Babu wanda ya gaya mata cewa irin waɗannan ƙwayoyin na ciwon jiki su ne manyan maƙiyan mai gyambon ciki. Ni ma a lokacin ban sani ba.

Abin da na sani shi ne yayata tana ƙarewa. Zanen da take ɗaurawa ya koma zagaya ta har ya yi rara, tafin hannunta ya yi fari fat, in ta tashi daga gaban kasko sai ta dafa bango. Alhaji ya ga wannan sarai, don ya mai da shi abin ba'a. Wata rana a gaban baƙi, tana miƙo masa ruwa, ya dube ta sama da ƙasa yadda yake duban dabba, ya ce, "Da a kara ne, wannan ko mahauta sai sun yi shawara." Mazan suka fashe da dariya. Ta yi murmushi ta koma ɗaki. Na bi ta na tarar tana gyara turare a kasko.

Na same shi a zaure na ce, "Yaya Alhaji, don Allah a kai ta asibiti."

Ya ce, "Bintu, yaushe aka ba ki likita ban zo walima ba? Olsa ce, kowa yana da ita. Magani kuwa ban taɓa bari ya yanke ba, tambaye ta."

Na tambaye ta, ta kuwa tsaya masa. Ta ce in bar shi, mutum ne mai hidima, kuma ai yana sayo magani. Na yi faɗa, na yi kuka, na kai maganar wurin kawunmu, aka ce min tsakanin miji da mata ne, in koma ɗakina.

A cikin watannin nan ne wani bijimin da yake kiwatawa a bayan gida ya ƙi cin dusa. Yini ɗaya tak. Kafin azahar Alhaji ya ɗauko malamin dabbobi a bayan babur. Da idona na gan shi tsugune da babbar riga, yana tona kashin bijimin da tsinke, yana nuna wa malamin launinsa, yana tambaya ko akwai jini. Ya tambayi yadda za a ba da maganin, ya sa aka maimaita masa, ya tsaya a kai har aka ɗura. Ya Fanna tana daga ƙofar madafa tana kallo, har tana cewa Allah Ya ba shi lafiya, don san ya yi kyau.

Ranar da abin ya faru, maƙwabciyarta ce ta kira ni a waya da hantsi. Na taho daga Mamudo ban ko canza zane ba. Na same ta kwance a gefen kasko, man gyada na ƙonewa a wuta, ta yi aman jini a ƙasa. Na kira Alhaji. Ina jin kukan shanu da ihun dillalai a bayansa. Ya ce yana tsakiyar ciniki, a ba ta maganinta ta kwanta, zai zo in kasuwa ta lafa. Ban sake neman izinin kowa ba. Muka ciccibe ta muka sa a keke.

A asibiti wata nas ta sunkuya a kanta tana tambaya a hankali. Ta tambaye ta launin bayan gidanta. Ya Fanna ta kawar da kai don kunya, sannan ta ce baƙi ne, kamar kwalta. Nas ta ce tun yaushe? Ta ce, "Ya daɗe. Na ɗauka ciwon ne yake fita." Har da ɗan murmushinta, irin na mai neman a yafe mata. Wato duk watannin nan jininta ne yake tsiyaya ta ciki, ita kuwa tana ganin baƙin tana hamdala, tana cewa magani na aiki. Likita ya ce gyambon ya daɗe yana zubar da jini, kuma jikin ya riga ya yi nisa. Aka shiga neman jinin da za a ƙara mata. Ba ta jira ba.

Alhaji ya iso bayan an rufe ta da zane, da sandar korar shanu a hannunsa. Abin da ya fara faɗa shi ne, "Me ya sa ba a gaya min abin ya yi tsanani haka ba?" Mutane suka riƙe shi suna ba shi haƙuri.

A zaman makoki ne Malam Bukar mai kemis ya zo. Dattijo ne da ya yi aikin ba da magani a asibiti kafin ya buɗe shagonsa, kuma mutane suna gudun shagon don ba ya miƙa magani sai ya yi wa mutum huɗuba. Ya nemi mijina ya kira masa ni, muka tsaya a soro. Ya ce akwai abin da yake so ya sauke daga wuyansa.

Ya ce, "Hajiya, wallahi na gaya masa. Na ce da safe za ta sha, ciki babu komai, ta ɗan jira kafin ta karya. Ta haɗiye shi yadda yake, kada a ɓare. Na ce maganin na 'yan makonni ne, ba na shekara ba, in bai warke ba a kai ta a gwada, don sau da yawa akwai ƙwayar cuta a ciki wadda sai an haɗa da wani magani. Na ce kada ta kusanci haɗi. Na ce in ta ga baƙin bayan gida, ko aman jini, ko tana ramewa, ko a ranar Sallah ne a tafi asibiti."

Na ce, "Shi me ya ce?"

Ya ce, "Yana kan babur, bai kashe ba. Ya ce to."

Ban raga wa dattijon ba. Na ce da ya ga shiru, me ya hana shi turo matarsa ta faɗa mata? Tsakanin shagonsa da gidan ko ruwa ba za ka nema ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Matar mutum ce, Hajiya." Na juya na bar shi a tsaye. Daga baya na huce da shi, don ko ba komai shi ya faɗa, kuma ya zo da ƙafarsa ya tsaya a gabana.

Babur ɗin nan da ba a kashe ba, shi na riƙe shekara tara. Na ce wa raina mutum yana kan abin hawa, ga ƙarar inji, ga lissafin shanu a kansa, ga tsoho mai dogon bayani. Wataƙila rabin maganar iska ta ɗauke. Wataƙila ya ɗauke ta surutun mai son a san ya yi aikin asibiti. Wataƙila ma kunya ce, don wane namiji ne a garin nan zai dubi matarsa ya tambaye ta launin bayan gidanta? Da wannan na riƙa zuwa gidan saboda 'yarta Falmata, na riƙa durƙusawa ina ce masa ina kwana. Ba don ina ƙaunarsa ba. Mai mantuwa ana iya zama da shi.

Nakan tambayi kaina abin da Ya Fanna za ta ce da ta ga garin yau. Yanzu akwai 'yan mata a bayan kanta a shagunan magani, mace za ta iya faɗa musu abin da ba za ta faɗa wa namiji ba. Kusan kowace mace da wayarta a ƙugu. Za ta yi mamakin wannan, za ta kuma yi dariyar masu tallar maganin olsa da suka cika waya, kowa na rantsuwa nasa ne mai yi a kwana uku. Amma in ta tsaya a bakin kemis da yamma, za ta ga abin da ta sani. Maza ne a jere a kan babura, kowa na cewa a ba shi na ciki, na mai ɗakinsa. Mai kemis yana magana, ido yana kan titi. Na san kuma abin da za ta ce, don na san ta. Za ta ce a bar su, suna da hidima. Wannan ne wurin da ni da ita ba za mu taɓa shiryawa ba, ko a mafarki.

Watan da ya wuce Falmata ta haihu, aka yi suna. Da yake ta zo wankan gida, a gidan mahaifinta aka yi taron. Na je da sassafe don in kama aiki. Aka ce in kai wa Alhaji abin karyawa a zaure, waina da miyar taushe da shayi. Na same shi ya yi ƙiba, gemu ya yi fari, yana zaune a kan darduma da 'yar ƙaramar jaka a gefensa. Na ajiye tire, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Rufe min tukuna, Bintu. Yanzu na sha kafso, sai ya ɗan zauna. Ba a bin sa da abinci nan take."

Na ce, "Ba ka da lafiya ne, Yaya Alhaji?"

Ya ce olsa ce ta taɓa shi bayan Sallah. Ya gyara zama, da alfahari, kamar mai ba da labarin cinikin da ya ci riba. Ya ce shi bai yi wasa ba, ranar da ya ji zafin, washegari yana asibiti, ko kara bai leƙa ba. Aka gwada shi, aka samu ƙwayar cutar, aka haɗa masa magani, yana gab da gamawa. Sai ya shiga yi min karatu yana lanƙwasa yatsu. Da safe, ciki babu komai. Ba a ɓarewa. Ba a shan haɗi, ko bayanka zai karye. Ya rage murya ya ce kullum sai ya duba abin da ya fita daga cikinsa, don in ya yi baƙi, jini ne, ba a kwana da shi a gida.

Na ce, "Likitan ya yi maka bayani sosai."

Ya yi dariya ya ce, "Wane likita? Yaron nan ko ɗago kai bai yi ba. Ai wannan tun zamanin marigayiya na san shi, Bukar ne ya karanta min, Allah Ya ji ƙansa. Ni in aka gaya min abu sau ɗaya, ya zauna. Ba don haka ba, ai da ban yi dillanci ba."

Bai ga komai a fuskata ba, don bai duba ba. Ya kalli agogo, ya ce lokaci ya yi, ya jawo tire ya buɗe. Na tsaya ina kallonsa yana tsoma waina a miya. Daga cikin gida mata suna guɗa, an raɗa wa jaririya suna Fanna. Ya ce miyar ta yi daɗi, amma a gaya wa masu girki su rage yaji saboda cikinsa.

Ban yi masa ihu ba, ban zubar da taron Falmata ba. Na koma cikin gida na zauna a bayan ɗakin da ya kasance na Ya Fanna, na yi kukan da ban yi irinsa ba ko ranar da ta rasu. Waccan ranar na yi kukan rashi ne. Wannan kuwa na baƙin ciki ne, kuma ban ji kunyar faɗa ba, na tsane shi.

In na auna abin da ya rage na Ya Fanna, ba shi da yawa. Kaskonta yana wurina, ba na suya a ciki. Falmata ta gaji dariyarta, kuma alhamdu lillahi ba ta gaji kawaicinta ba, don ita da kanta take zuwa gaban mai magani ta zauna ta yi tambaya har ya gaji. Matan unguwa har yanzu suna cewa ba su sake cin ƙuli irin nata ba. Sai kuma abu mafi girma da ta bari, wanda ba ta san ta bari ba: bayanin da aka yi dominta, da sunanta, a kan ciwonta. Bai ɓata a hanya ba. An adana shi tsaf, babu kalmar da ta faɗi, har ranar da mai ajiyar ya buƙace shi, ya kuwa yi masa amfani.

Ke da kike kwance kina jiran a dawo miki da leda, ki tashi ki je ki ji da kunnenki, ko ki sa a kira miki mai maganin a waya ki yi masa tambaya da bakinki. In an ce rashin kunya ne, ki amsa.

Allah Ya ji ƙanki, Ya Fanna, Ya sa ciwon nan ya zame miki kaffara. Shi kuma Alhaji, ina roƙa masa tsawon rai da lafiyar ciki, kuma Allah Ya bar masa ƙwaƙwalwar nan tasa garau, har ranar da za a tambaye shi.